Na yi lasisi, na sayi babur, yashi ya kayar da ni a gaban mata

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, amma don Allah a tausaya, dariyar da aka yi min a gari ta ishe ni. Ina koyarwa a wata firamare a ƙaramar hukumar Taura. Bana aka yi min canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisan kilomita 14 daga gida, kusan rabin hanyar kwalta ce, sauran burtali. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin acaba ke cinye min albashi, shi ya sa na shiga adashi, da kwasata ta zo na sayar da tumaki biyu na cika na sayi Boxer. Ɗan kawuna ya koya min a filin idi kwana biyar, na bi layi na yi lasisi, na yi lamba. Yau sati uku ke nan.

Ranar Talata ina dawowa, daf da famfon tuƙa-tuƙa na bakin gari inda yashi ya taru, sai akuya ta gifta. Na damƙe birkin hannu. Wallahi ban san yadda aka yi ba, sai gani na yi ina kwance, babur a kan ƙafata, salansa ta lasar min ƙauri. Ga famfo cike da mata, har da iyayen ɗalibaina. Washegari ina shiga aji yara na ƙunshe dariya.

Tun ranar in na hau gabana faɗuwa yake yi. A kan kwalta kuma da na hango tirela tafe sai hannuwana su sandare. Har na fara tunanin in sayar in huta. Ku da kuka daɗe a kan babur, ta ina ake bi tsoron nan ya fita?

Ɗan Gujungu:
Hhhh Malam sannu, Allah ya kiyaye gaba. Yanzu ka shigo sahu, babu mahayin da ƙasa ba ta taɓa karɓar baƙuncinsa ba. Amma ka faɗi ciwonka da bakinka: birkin hannu. Shekarata 11 ina acaba tsakanin Gujungu da ƙauyuka, ranar Lahadi ta kasuwa ko zama ba na yi, kuma ban san amfanin wannan birkin ba. Ina sayen babur nake sa a sassauta wayarsa. Shi ne mai kayar da mutum. Ka je a cire maka, ka riƙe na ƙafa, magana ta ƙare.

Mai Kaji:
Haka yake. Mu ma haka muka taso muka tarar.

Baba Makanike Ringim:
Ɗana Ɗan Gujungu, na yarda birkin gaba ne ya kayar da Malam. Amma maganin da ka ba shi tamkar a ce wanda tuwo ya ƙona ya daina cin tuwo ne.

Ku saurara in gaya muku abin da nake gani a gareji. Duk lokacin da ka kama birki, nauyinka da na babur gaba yake tafiya. Tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa a kan busasshiyar kwalta mafi yawan tsayuwar babur, wajen kashi 70 cikin ɗari, daga gaba take fitowa. In na baya kaɗai gare ka, ka take shi da ƙarfi, taya ta kulle, bayan babur ya riƙa wutsiya, kana jan ƙasa kana ci gaba da tafiya har ka isa inda kake gudun isa. Baburan da ake kawo min a amalanke sun daki bayan mota, fitila a farfashe, kai a lanƙwashe, in na duba sau da yawa wayar birkin gaba a kwance take ko babu ita sam.

Yashi kuwa hukuncinsa daban. Taya ba ta da abin kamawa a cikinsa. Ka damƙe gaba, balle in kan babur a karkace yake, nan take za ta zame. Abin da ya sami Malam ke nan. Laifin na damƙa ne. Birkin gaba matsa shi ake yi sannu a hankali, kamar mai tatsar saniya, a fara da taushi sannan a ƙara. Wanda ya fizge shi kamar ya kama ɓarawo, ko a kwalta zai sha ƙasa.

Ɗan Gujungu:
Baba ina girmama ka, amma kai gyara kake yi, mu ke hawa. Shekara 11 ban daki bayan motar kowa ba.

Baba Makanike Ringim:
Allah ya ci gaba da tsarewa. Kai ka san hanyarka kamar tafin hannunka, ka san inda za ka rage tun kafin ka isa, shi ke cetonka. Malam bai sani ba tukuna, kuma kullum sai ya hau titin Kano zuwa Haɗeja inda manyan motoci suke. Sannan kafin in riƙe sifana na riƙe kan babur, tun kana goye.

Ɗalibi daga Dutse:
Bari in sa baki da ɗan lissafi. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta taka, daƙiƙa guda ta wuce, wato mita 17 sun tafi ba ka ma fara tsayawa ba. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkuwa take sau huɗu. Wanda ke 80 yana ganin kaɗan ya fi mai 40, alhali ba kusa suke ba.

Mai Kaji:
To mu da agogon gudunmu ya mutu tun shekarar da aka saya fa?

Ɗalibi daga Dutse:
Sai ka bar tazara. Ka sa ido a kan wata bishiya ko turken wuta, in motar gabanka ta wuce shi ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a natse. In ka iso kafin ka gama, ka matse ta da yawa.

Tsohon Ɗan Acaba:
Malam, ni ta kan tsoron zan yi magana, don na ga an tafi wajen birki an bar ka a tsaye.

Na yi acaba a cikin birnin Kano shekaru, har watan Janairun 2013 da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero hari, gwamnati ta hana goyo a babur a cikin birni. Wasu abokaina suka koma Adaidaita Sahu, ni na tattaro na dawo gida wajen Gaya. Ina ji da kaina, mutumin da ya saba kutsawa tsakanin motoci a Kantin Kwari da Bata. Satina na farko a ƙauye yashi ya kayar da ni sau biyu, na biyun da buhun gero a baya. Yaran da ko birni ba su taɓa shiga ba su suka ɗaga ni, kuma su suka koya min.

Ga abin da suka koya min. Tun kafin ka shiga yashi ka rage gudu, ka dawo giya ta biyu, a waje ake gama wannan. Da ka shiga kada ka saki totur, kada kuma ka murɗe shi, ka riƙe shi daidai wa daida, injin na ja. Ka ɗan ja zamanka baya don gaba ta yi sauƙi. Kan babur zai riƙa rawa, hagu da dama, kamar zai ƙwace. Bar shi ya yi rawarsa. Nan ne sabon hannu ke faɗuwa, don yana ƙanƙame kan da ƙarfi yana kokawa da shi. Ka matse tanki da gwiwoyinka, hannu kuma sako-sako. Idonka can gaba inda yashin ya ƙare. In ka kalli tayarka, gun tayarka za ka je. In ka ƙura wa akuya ido, akuya za ka daka, ka kalli sararin da ta bari.

Tsoron kuma kada ka yi gaggawar rabuwa da shi. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, ba abin kunya ba ne. A shekarun da na yi, waɗanda muka kai asibiti galibi ba 'yan sati uku ba ne. 'Yan wata shida ne zuwa shekara, lokacin da tsoro ya fita amma hannu bai gama faɗawa ba, mutum ya fara tuƙi da hannu ɗaya yana amsa waya. Kai yanzu lafiya lau kake. Ka koma filin idin nan kullum bayan la'asar, minti ashirin. Ka jera gwangwanaye ka riƙa zagaya su a giya ta ɗaya, kana wasa da kuloci, ba ka sa ƙafa a ƙasa ba. Tafiya a hankali ta fi gudu wuya, kowane yaro zai iya murɗa totur. Sannan ka ja layi a ƙasa mai tauri, ka taho a hankali, ka tsaya a kansa da birki biyun tare, yadda Baba ya ce. Ka yi sau ɗari. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar da yaro zai faɗo maka titi hannunka abin da ya saba shi zai yi, ba zai jira ka yi tunani ba.

Malamin Firamare:
Allah ya saka da alheri Yaya. Wallahi kamar kana wurin, akuyar na ƙura wa ido. Maganar tirela fa?

Tsohon Ɗan Acaba:
Iskarta ce ke kaɗa ka, kuma za ta kaɗa ka ko shekara nawa ka yi. In ka hango ta ka rage, ka ɗan matsa hannunka, amma kada ka sauka gefen kwalta da gudu, bakin titin nan a zaizaye yake, akwai tudu tsakanin kwalta da ƙasa. Kada ka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da babbar mota, kuma kada ka laɓe a gindinta. In ba ka ganin madubin direba, shi ma ba ya ganinka.

Direban Tifa:
Wannan gaskiya ne, ku ji daga bakin mai ita. Daga sama inda muke zaune babur da ke dab da ƙofar yaron mota ɓacewa yake gaba ɗaya. Kuma mota da lodin yashi ba ta tsayawa don an so. Ku daina shan gabanmu a kwana, don girman Allah.

Anti Nas:
Malam kowa na ta babur, ni ƙafar nake tambaya. Me ka sa wa ƙunar?

Malamin Firamare:
Anti, man goge baki aka shafa min a wurin, da na zo gida kuma tsohuwa ta sa a fasa ƙwai.

Anti Nas:
Inna lillahi. Abin da muke fama da shi ke nan kullum. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba baƙin mai, ba toka. Ƙunar salansa ruwa mai sanyi mai tsabta ake kwarara mata kamar minti 20, kuma ga ka a bakin famfo! A rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a fasa ƙurjin da ya taso. Gobe ka je asibitin da ke kusa da kai a wanke, a duba ko kana buƙatar allurar tetanus tunda ka kurje a ƙasa. In ta fara wari ko ruwa ko zazzaɓi ya zo, kada ka kwana.

Sai tambaya ta biyu, ko da yake na san amsar. Hular kwano fa?

Mai Kaji:
Anti a wannan zafin? Mutum ya sa kwano a bazara ai ƙwaƙwalwarsa dahuwa za ta yi. Kuma a ƙauye ka sa, a ce ga ɗan sama jannati ya sauko.

Alhaji Na Maigatari:
Kun tuna min farkon 2009, lokacin da 'yan Road Safety suka ce dole kowa ya sa. A Kano har ƙwarya mutane suka riƙa kifawa a ka suna ɗaurewa da igiya, wasu tukunya, labarin har gidajen rediyon ƙasashen waje. Fasinja kuma ya ce ba zai sa wadda wani ya cire ba, kada a yi masa asiri ko ya kwashi ƙwarƙwata. Mun sha dariya a lokacin. Ni dai daga baya na daina dariyar, akwai wanda nake zuwa kasuwar Alhamis da shi shekara da shekaru, faɗuwar da ya yi ba ta fi ta Malam ba, sai dai shi kansa ya sami bakin kwalbati. Allah ya jiƙansa.

Anti Nas:
Amin Alhaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma kusan kashi 70. A lura, in an ɗaure. Wadda aka ɗora a ka kamar hular zanna ita ke fara tashi kafin mutum ya kai ƙasa. Karaya muna ɗorawa, fata tana tsirowa, kai ne ba mu da abin yi masa a ƙaramin asibiti sai dai mu rubuta takarda a wuce Dutse ko Kano, kuma hanyar da nisa. Duk wanda ya bugu a ka, in ya fara amai, ko barci na fizgarsa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, kada a ce a bari ya huta zuwa safe.

Ɗan Gujungu:
Duk abin da Allah ya rubuta sai ya faru. Da kwano da babu.

Malam Liman:
Haka ne ɗana, babu mai ja da wannan. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Malam, in ka ɗora ƙafa ka yi Bismillah, ka karanta addu'ar hawa, Subhanallazi sakhkhara lana haza wa ma kunna lahu muƙrinin. Tana sanyaya zuciya, kuma ɗan lokacin da za ka ɗauka kana karantawa ya ishe ka ka tuna ko ka ɗage jakin babur.

Maman Khalifa:
Ni roƙona ga Malam, kada ya ɗauki iyali tukuna. Na san halin maza, sati mai zuwa za a ce uwargida hau in kai ki unguwa. In lokacin ya yi kuma, ka tsaya ka ga ta tattare hijabi da zani ta danne a cinya kafin ka tashi. Ni sarƙa ta taɓa cafke min gefen hijabi muna hanyar biki, Allah ya taimake ni maigidan a hankali yake tafiya, hijabin ne ya yage, amma na yi sati wuyana ba ya juyawa. Masu babbar riga ranar Juma'a ku ma da ku nake.

Baba Makanike Ringim:
Hajiya ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Murfin sarƙa da kamfani ya sa, yara na kawo min sabon babur su ce Baba cire, yana ƙara. Madubi ma su ce cire, na tsofaffi ne. Malam kada ka biye musu, ka bar komai a inda ka same shi.

Tunda sabo ne, ga naka aikin. Kada ka ƙure shi yanzu, ka juye baƙin mai na farko da ya yi kamar kilomita 500, akwai ɗan garin ƙarfe da sabon inji ke saki. Kowace safiya ka danna tayoyi, ka kama birki biyun ka ji. Iska kuma ka sa mai faci ya auna da ma'auni, ya bi abin da kamfani ya rubuta, ba ya ƙwanƙwasa da sifana ya ce ta yi ba. Yawancinsu cika ta suke ta yi tauri kamar dutse, irin wannan tayar a yashi da tsakuwa tsalle take. Sarƙa ka taɓa ta a tsakiya, ta yi wasa kamar faɗin yatsa biyu, kada ta ɗaure tamau kada ta yi lako-lako. Mu nan ƙura ce ke cin inji, ka riƙa duba matatar iska, musamman da hunturu.

Kuma silifas ba takalmin babur ba ne. Ka sa sau-ciki.

Mai Kaji:
Baba in ya bi duk wannan ai sai ƙarfe goma zai isa makaranta.

Baba Makanike Ringim:
Minti biyu ne. Kai da kake tsayawa shan shayi rabin awa.

Tsohon Ɗan Acaba:
Na manta ɗaya. Ka guji tafiyar dare har sai nan gaba. Amalanken shanu ba ta da fitila ko ɗaya, sai ka zo dab za ka gan ta. Fitila guda da ka hango tafe kuma kada ka rantse babur ne, sau da yawa mota ce mai ido ɗaya, ragowar jikinta na cikin hannunka. In garken shanu ya tare burtali ka tsaya cak, kada ka dame su da oda, makiyayin zai buɗe maka. Akuya in ta tsallaka ka jira 'ya'yanta, suna biye. Kaza kuwa kada ka kauce mata, gara ka biya kuɗin kaza.

Mai Kaji:
A'a Yaya, ban da wannan fatawar!

Malamin Firamare:
Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana goma sha biyu. Anti, na je an wanke ƙafar, an yi min allurar, an kuma yi min faɗa irin naki, ta fara bushewa. Filin idi ina zuwa kullum in ban da ranar da aka yi rasuwa a unguwarmu. Gwangwanayen madara takwas na jera. Kwana ukun farko ƙafata ba ta daina taɓa ƙasa ba, yanzu ina zagaye su biyu a jere ban sauke ba. 'Yan ajina sun gano inda nake, su ke tsayar min da gwangwani in na ture, har sun fara ƙirga min maki.

Yashin bakin famfo na wuce shi sau tara. Sau biyu babur ya mutu min a tsakiya don na saki totur, na sauka na tura, matan suka yi min sannu. Sauran na fita lafiya, kan na rawa ina ce wa kaina bar shi, bar shi. Tirela har yanzu gabana na faɗuwa, sai dai hannun ya daina sandarewa. Hular kwano na sayo a Haɗeja, ana ce min ɗan sama jannati kamar yadda Mai Kaji ya faɗa, har hedimasta. Birkin gaba ban cire ba, Yaya Ɗan Gujungu ka yi haƙuri.

Ɗan Gujungu:
Ba komai Malam, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni dai nawa na nan a sassauce. Mu ga yadda za ka yi da shi in damina ta sauka, burtali ya zama taɓo.

Malamin Firamare:
To ai ita ce tambayata ta gaba. Akwai wani kwari kafin makarantar, an ce min ruwa na kwanciya a wurin har gwiwa a watan Agusta.

Baba Makanike Ringim:
Ruwan farko ma ka kiyaye shi a kan kwalta, yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta tun rani, santsi kamar an zuba karkashi. Na kwarin kuma, in ya kai gwiwa ba a shiga da inji a kunne, in ya zuƙi ruwa aikin ya zama babba. Kilomita nawa agogonka ya nuna yanzu?

Malamin Firamare:
Ɗari shida da goma, Baba.

Baba Makanike Ringim:
Ka wuce lokacin juye mai. Kawo shi ranar Asabar da safe kafin rana ta yi, in nuna maka inda yake shaƙar iska don ka san iyakar ruwan da zai iya shiga. Ka taho da kuɗin baƙin mai, na hannu na yafe.